Takardar da Ta Rufe Kwalejin Bishara

Ranar Talata, 14 ga Oktoba 2025, ƙarfe tara da minti ashirin na safe, motar sufeton ilimi ta tsaya a ƙofar Kwalejin Bishara, bayan garin Tsarnawa. Wata takarda marar sa hannu ce ta kawo shi.

Ikilisiya ta gina kwalejin a 1987, aji uku da ɗakin addu'a, don koyar da malanta da noma. Ɗalibai sun taɓa kaiwa ɗari da arba'in. Bana talatin da ɗaya ne. Malam Iliya, darakta, yana nan tun aza tubalin farko. Ya tarbi sufeto sanye da rigarsa ta Lahadi.

Sufeto ya zarce aji na biyu, ya ɗaga kai ga rufin siminti, ya karanta daga takardar: tsaga mai tsawon mita uku da santimita goma sha biyu. Ya sa aka auna. Haka take. Kafin azahar an liƙa sanarwar rufewa a ƙofa.

Da yamma kwamitin ikilisiya ya taru. Sau goma sha ɗaya Malam Iliya ya rubuta musu kan rufin nan, kullum amsarsu ita ce a ƙara haƙuri, a ƙara addu'a. Yau ma ba wanda ya ambaci rufi.

"Wanga aikin Alkasum ne," in ji Fasto Ayuba. "Ya daɗe yana son filinmu."

Alkasum manomi ne, gonar hatsinsa na jikin katangar kwalejin. Washegari ya zo wurin Malam Iliya da kansa.

"Malam, kai ka san ni. Ko sunana ban iya rubuta shi da boko."

"Na sani," in ji Malam Iliya. Ya roƙi kwamiti su bar mutumin nan. Ba su saurare shi ba, kamar yadda suka saba. Aka daina gaisawa da Alkasum, aka hana matarsa ɗiban ruwa a rijiyar kwalejin.

Ɗalibai suka watse, wasu Konni, wasu Malbaza. Mako uku bayan haka, da tsakar rana, rufin ya rufta a kan bencina marasa kowa.

Waɗanda suka rage a harabar: Tanimun mai gadi; Saratu mai dafa abinci, wadda ba ta da wurin zuwa; da Malam Iliya, wanda ya miƙe cikin majami'a ranar Lahadi ya ce shi ne ya rubuta takardar nan marar sa hannu.