Wa Zai Ɗauki Makarar Tukur?

Tun da aka wajabta inshorar rai, kowane magidanci a unguwar yake sanye da awarwaron kamfani. In ka ɗaga abu mai nauyi ko ka daɗe a rana, sai ya yi ja. In kuwa ya yi ja, ranar da ka mutu iyalinka ba su da komai.

Shi ya sa da aka idar da sallar gawar Tukur, makara ta zauna a ƙasa.

"Jama'a, a kama mana," in ji ƙaninsa Ɗanlami.

Kowa ya sunkuyar da kai.

"Malam Ashiru, kai fa amininsa ne."

"Wallahi 'ya'yana ƙanana ne, Ɗanlami. Ka yafe mini."

Ɗanlami ya durƙusa ya kama makarar shi kaɗai. Wannan fa Yaya ne, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Awarwaron ya fara ɗumi. Daga zaure Larai, matar Ɗanlami, ta ce masa, "Malam, yara fa."

Ya saki.

Da la'asar motar kamfani marar direba ta zo ta ɗauki Tukur. Jama'a suka raka ta har inda inuwar katanga ta ƙare, suka tsaya.