Tsanin Hasumiyar Su Lamara

Baƙi masu kallon tsohuwar hasumiyar gidan su Lamara na sauka, daga can sama ta hango Besik tafe da sabuwar hula. Sai ta janye tsanin sama, yadda kakanninta ke yi wa kakanninsa zamanin da suke gaba da juna.

Besik ya ɗaga kai yana gumi. "Lamara, aurenki nake nema."

"Kakanka ya kwana arba'in a nan ƙasa, bai ga tsani ba."

"Shi da bindiga ya zo. Ni gurasar nama innata ta gasa miki, tana ta hucewa."

Ta dube shi, ta dubi ƙunshin gurasar da ke hannunsa. Can sai ga tsani yana saukowa.

"Hau a hankali," in ji ta. "Tsanin ya tsufa, ni kuma ba ni da wani angon."