Aikin Aro

"A ina kake aiki yanzu?"

Tambayar da ke kashe wa Badamasi jiki ke nan. Duk shagon da ya shiga a Dutsin-Ma neman aikin sayar da kaya, da ya ce babu, sai fuskar mai shagon ta canza. Wai da ya iya ciniki, da ba a gan shi a zaune ba.

Da ya gaji, sai ya roƙi Malam Rabo mai shagon taki ya bar shi ya riƙa tsayawa a ciki, ba sai ya biya shi ba. A dai gan shi yana aiki. Kullum ya fita ba karin kumallo, ya koma wa matarsa Hassana hannu wofi, ga ta da tsohon ciki.

Ranar kasuwa, wani Alhaji daga Kurfi ya tsaya yana kallon yadda ya lallashi manoman Zobe har suka kwashi buhuna.

"Samari, irinka nake nema a sabon shagona. Nan kake aiki?"

Badamasi ya gyara tsayuwa. Yau dai yana da amsa.

"Nan nake, Alhaji. Ni ne ma na hannun daman Malam Rabo."

Alhaji ya buɗe ƙofar motarsa.

"Ayya. Ni da Rabo tare muka tashi, ba zan ɗauke masa yaro ba. Da a ce zaman banza kake, da yau ɗin nan ka fara."