Masu Danna Tallar Shagon Dalhatu

Badi'a ta juyo mini da fuskar kwamfutarta ta ce, "Yaya Uwaliya, jiya ma an danna sau sittin, kuma ko mutum ɗaya bai kira ba."

Badi'a ƙanwata ce. A Kano take zaune, sana'arta yi wa 'yan kasuwa talla a intanet. Ni kuwa a aji uku na sakandare na tsaya. Da mijina Dalhatu ya rasu, ya bar mini 'ya'ya huɗu da shagon injinan ban-ruwa a Gwarzo. Wata huɗu da kwana goma ina takaba, shagon yana rufe. Kafin in fito, manoman ranin da suka saba da shi sun koma saye wajen Sajo a Kabo.

Ita ta kawo shawarar mu sa talla a Google. Ta yi mini bayani dalla-dalla: idan mutum ya rubuta a waya yana neman injin ban-ruwa, sunan shagonmu zai fito a sama. Fitowar kyauta ce, amma duk wanda ya danna, mu za mu biya. Na sayar da raguna biyu da Dalhatu ya bari na ba ta kuɗin. Na ce ranar da suka ƙare ba ciniki, zan mayar wa mai shago makullinsa.

Ranar da tallar ta fara fitowa, dangin mijina suka zo daga Masanawa yi mini barka da fita takaba. Na karɓi wayar wansa Jalo na nuna masa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, "Dalhatu Mai Injin Ruwa, Gwarzo." Ya daɗe yana kallo, ya goge ido da hannun riga, ya ce in sake nuna masa abin da ake rubutawa.

Satin farko mutanen Legas da Fatakwal suka yi ta dannawa. Wani injin markaɗe yake nema, wata keken ɗinki. Badi'a ta toshe waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya, har da kalmar "kyauta", don ta ce masu rubuta ta ba su taɓa sayen komai ba. Ta taƙaita tallar ga Gwarzo da Kabo. Ta sa farashi a jiki, don wanda bai shirya ba ya wuce abinsa. Ta ƙara wurin da za a taɓa a kira ni kai tsaye.

'Yan Legas suka ɓace. Na sayar da inji ɗaya ga wani manomin albasa daga Madadi, na yi kuka a bayan kanta. Amma dannawar ba ta ragu ba, sai ma ƙaruwa. Kusan duka daga yankin Kabo, wayoyi daban-daban, su zo a tare su ɗauke a tare. Kafin manomin gaske ya buɗe wayarsa, kason kuɗin ranar ya ƙare, talla ta sauka. Juma'a ta fi muni.

Badi'a ta kashe tallar wata Juma'a don gwaji. Da yamma Jalo ya kira yana tambaya ko lafiya, ko wani abu ya sami shagon. Na ce lafiya lau. Na ji daɗi har raina da akwai mai tunawa da mu.

"Abokin gasa ne," in ji Badi'a. "Ana yin haka. A sa mutane su yi ta danna maka har ka karye."

A Kabo kuwa mutum ɗaya ke sayar da injin ban-ruwa.

Da kuɗin ragon farko suka ƙare, na na biyun suka kai wuya, na yafa mayafi na hau motar Kabo. Na tarar da Sajo yana auna wa wani tiyo. Ban tsaya doguwar gaisuwa ba, na zazzage masa duk abin da ke cikina, har da cewa Dalhatu ne ya koya masa kwance inji. Ya saurara har na gama, sannan ya laluba aljihu ya fito da wata 'yar waya mai maɓalli, an ɗaure bayanta da roba.

"Hajiya, da wannan na yi miki ɓarnar? Ko fitilarta ba ta kawowa sai na buga ta a gwiwa."

Masu sayayya suka kwashe da dariya. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya yi wa Dalhatu addu'a. Na sha ruwan kaina a sunkuye.

Tunda na riga na fito, na ce bari in ƙarasa Masanawa, da yake ita ma a yankin Kabo take. Jalo ne babba a gidan, bai kamata in rufe shagon ƙaninsa bai ji daga bakina ba. Na isa ana sallame la'asar. Na tsaya daga nesa, maza suka fito daga masallaci, amma babu wanda ya nufi gida. Suka zazzauna a gindin darbejiya, tsofaffi da magidanta, kowa ya zaro waya. Wanda ba ya gani sosai ya miƙa wa na kusa da shi.

Jalo ya hango ni, ya taso fuskarsa cike da fara'a. Bayan mun gaisa na buɗe baki zan fara maganar makulli, sai ya ɗaga mini hannu.

"Kada ki ce komai, Uwaliya, ba don godiya muke yi ba. Ai mun san yadda abin intanet yake, masu bidiyo ma da yawan kallo ake biyan su. Tun ranar da kika nuna mini na sanar a masallaci, kowa ya riƙa danna wa marayun Dalhatu bayan kowace salla, kuma wallahi ba mu taɓa yin fashi ba."