Ƙwan da Ya Ƙi Tasowa

"Ƙara gishiri!" in ji Goggo Widad.

Na ƙara. Ƙwan yana kwance a gindin tulu, ko motsi bai yi ba.

Mu a garinmu Ajlun haka muke gwada ruwan jiƙa zaitun. A jefa ɗanyen ƙwai, a yi ta zuba gishiri har ruwan ya yi nauyin da zai ɗago shi sama. Ga zaitun na shekara guda a jibge yana jira, Goggo kuwa da shi take taƙama a unguwa.

Gishirinmu ya ƙare. Muka aro na maƙwabta, shi ma ya ƙare. Ƙwai dai shiru.

"Kambun baka ne!" in ji Goggo. "Jiya maƙwabciyarmu Umm Nidal ta leƙo tana wani murmushi. Kai Abu Samir, ina ka samo wannan ƙwan?"

Mijinta ya ajiye kofin shayi. "A akurki mana. Mafi kyau na zaɓo miki."

Goggo ta tsoma hannu ta ciro shi a fusace, ta buga a bakin tulu. Ƙwai bai fashe ba. Tulun ne ya dare, ruwan gishiri ya malale tsakar gida.

Sai ga Kaka ta shigo tana dogara sanda. "Wane marar aikin yi ne ya ɗauke ƙwan dutsen da nake ajiye wa kaji don su san wurin yin ƙwai?"

Abu Samir ya sosa ƙeya. "Ai na ji nauyinsa. Na ɗauka kazar ce ta ƙoshi."