Hannun Sani

Warin man shanu nake fara tunawa. Da la'asar ne, muna zauren wani mai ɗori a Aliero, ƙanena Sani yana kwance a tabarma da karyayyen hannu. Ni na murɗe shi, yadda nake yi wa abokin faɗa a gem ɗin bidiyon da muke bugawa a shagon bakin tasha.

Baba yana ta nema mini mafita. "Malam, gem ɗin ga ya ɓata yaro. Ba halinai ba na."

Tsohon mai ɗorin ya juyo gare ni. Ya ce mini, "Kai, taho ka riƙa kafaɗatai."

Na riƙe. Da ya ja hannun, na ji ƙashin ya motsa a ƙarƙashin yatsuna, Sani ya ƙwalla ƙara.

Na ce, "Baba, ba gem ba na. Haushinai nika ji tun jiya."

"Rufe mini baki!"

Ban rufe ba, na sake faɗa da ƙarfi. Har yau 'yan'uwa cewa suke gem ne, har yau ina musu. Gem ya koya mini murɗiyar, amma ni na zaɓi hannun da zan murɗe.