Atisayen Ɗan Koriya

"Tansiyo ta hau, sukari ma haka," in ji lokotoron asibitin Madawa. "Ka yi koyi da tsohon nan maƙwabcinka."

Ɗan Koriyan ya shafa tumbinsa. Shekara tara ke nan da ya zo gyaran injinan ban ruwa, siriri, mai cin ganye da sammakon motsa jiki. Yanzu kuwa ya zama ɗan gari: shayi har na uku, tsire kullum, ko masayar burodi sai bisa moto.

Da safe ya leƙa garkar albasar maƙwabcin nasa. Ga tsohon yana tafiya da baya yana tafa hannu, atisayen da a da yake yi wa Ɗan Koriyan dariya a kai.

"Taho, Malam," in ji tsohon. "Abinka ne na aje maka."